Babi na Shida: Baƙuwar Manhaja a Cikin Kyamara

Kowace kyamarar dijital ƙaramar kwamfuta ce da aka ɗora wa lens a gaba, kuma duk abin da take yi, tun daga auna haske da daidaita launi har zuwa rubuta hoto a katin memori, yana gudana ne bisa umarnin wata manhaja da kamfanin da ya ƙera ta ya dasa mata tun a masana'anta. Ita ce ake kira manhajar ciki, wato tarin umarnin da ke zaune daram a ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ba ya gogewa ko an cire batir, kuma shi ne yake fara aiki da zarar an kunna ta. Mai kyamara ba ya ganin wannan manhaja, abin da yake gani shi ne jerin zaɓin da ta yarje masa a allo, shi ya sa yawancin mutane suke ɗauka cewa duk abin da ba ya cikin jerin nan kyamarar ce ba ta iya shi. Alhali kuwa sau da yawa kayan jikinta suna da ƙarfin da ya wuce haka nesa ba kusa ba, iyaka ce kawai aka shata musu a rubuce, abin da aka rubuta kuma ana iya sake rubuta shi. A kan haka ne wasu masana kwamfuta, waɗanda ba ma'aikatan kamfani ba ne kuma ba a biyansu ko sisin kwabo, suka shafe shekara kusan ashirin suna rubuta wa kyamarori baƙuwar manhaja suna raba ta kyauta a intanet. Abin da ya rage wa mai kyamara shi ne ya auna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kafin a kai ga wannan awo, ya kamata a san dalilin da ya sa kamfani yake shata iyaka tun farko, domin dalilan ba iri ɗaya ba ne, kuma ba dukansu ne na son kai ba. Wata iyakar an sa ta ne don kare na'ura daga zafi, wata don kyamara ta yi aiki da kowane katin da aka saya a kasuwa, mai sauri da maras sauri, wata kuma ta ciniki ce tsantsa, inda ake hana ƙaramar kyamara wani abu don kada ta kashe wa babbar kasuwa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na minti 29 da daƙiƙa 59, lokacin da kyamarorin hoto masu yawa suke tsayar da ɗaukar bidiyo da kansu. Wannan adadi ya samo asali ne daga tsarin kwastan na Tarayyar Turai, wanda ya ɗauki na'urar da ke iya ɗaukar bidiyo na minti 30 a jere a matsayin kyamarar bidiyo mai biyan haraji, ya bar kyamarar hoto ta shiga ba haraji. Kamfanoni suka ga gara su yanke daƙiƙa ɗaya da su biya kuɗi, wasunsu kuma, kamar Canon da Nikon, suka bar iyakar a kan kayan da suke kaiwa ko'ina a duniya, ta yadda mai ɗaukar tafsiri a Kano ko Damagaram ya shafe shekaru ɗauka tana katse masa saboda dokar wata nahiyar da bai taɓa takawa ba. An janye harajin daga baya, sababbin kyamarori da yawa sun daina wannan yanka, amma tsofaffin da ke hannun jama'a suna nan da shi.

Aikin farko da ya yi fice shi ne CHDK, wanda ya bayyana wajen 2006 zuwa 2007 domin ƙananan kyamarorin aljihu na Canon, jerin PowerShot da IXUS. Masu aikin sun gano cewa waɗannan kyamarori suna iya karɓar umarni daga katin memori a lokacin da ake kunna su, sai suka bi ta wannan hanya suka shigar da nasu. A gefen katin SD akwai ɗan makullin roba da ake turawa sama ko ƙasa. Idan aka tura shi wajen kullewa kyamara ta tashi da CHDK, idan aka buɗe shi ta tashi yadda kamfani ya yi ta, kamar ba a taɓa yi mata komai ba. Da wannan dabara kyamarar da aka ƙera don hoton biki ta samu ikon ajiye ɗanyen hoto, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba, da barin ƙyauren da ke shigar da haske a buɗe na tsawon lokaci don ɗaukar taurari, da ɗauka da kanta idan ta ga motsi, har ana kama walƙiya da ita, sannan mai ita yana iya rubuta mata ɗan gajeren umarni da yaren Lua ko uBASIC ta bi ba tare da an taɓa maɓalli ba. A 2009 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka suka ɗaure PowerShot A470 mai ɗauke da CHDK a jikin balan-balan, ta hau kusan kilomita 28 tana ɗaukar hoto da kanta, ta dawo da hotunan doron ƙasa da baƙin sararin sama, duk aikin kuma bai wuce dala 150 ba. A shekarun nan ne masu haɗa na'urar kwafar littattafai a gida suka riƙa amfani da irin waɗannan kyamarori bibbiyu, ɗaya tana kallon shafin dama ɗaya na hagu, tsarin da har yau zai yi wa mai son adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami amfani ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba.

Wanda ya fi shahara, kuma wanda yawancin masu maganar baƙuwar manhaja suke nufi, shi ne Magic Lantern. Tarihinsa yana haɗe da na Canon EOS 5D Mark II, wadda ta fito a 2008, kyamarar hoto ce mai babbar sensa, wato faifan da ke karɓar haske ya mayar da shi lantarki, aka kuma ƙara mata ɗaukar bidiyo kamar gyara. Masu shirya fim suka yi mata ca, domin hoton da take bayarwa, mai fito da fuska tas ya narkar da bayanta, a da sai da kyamarar da ta ninka ta kuɗi sau da yawa ake samunsa, har a 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai suna House da ita. Sai dai ba a ƙera ta don fim ba. A farkon fitowarta mai ɗauka ba shi da ikon saita haske da hannu a bidiyo, tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa maimakon 24 da aka saba a sinima, sautinta kuma yana hawa da sauka da kansa, ta yadda duk lokacin da mai magana ya yi shiru sai kyamara ta ƙara ƙarfi, a ji shuuu ya cika wurin. A 2009 wani injiniya Ba'amurke, Trammell Hudson, ya rubuta manhajar da ta kashe wannan hawa da saukar sauti, ta sanya ma'aunin sauti a allo, ta kuma ƙara wasu alamomi da masu fim suke buƙata. Daga baya aka kai ta kan 550D mai araha, jagorancin aikin ya koma hannun wani mai rubuta manhaja da aka fi sani da A1ex, ta yaɗu zuwa 60D da 600D da 5D Mark III da wasunsu. Ita ma Canon ba ta zauna ba: a 2009 ta fitar da sabuntawar da ta ba da ikon saita haske da hannu, a Maris na 2010 kuma ta ƙara ɗaukar hoto 24 da 25 a daƙiƙa da saita sauti da hannu, duk a kan kyamarar da jikinta bai canza ba, abin da ya tabbatar wa kowa cewa iyakokin farko na rubutu ne.

A nan akwai bambancin da duk hukuncin ya rataya a kansa, wanda kuma masu tsoratarwa da masu zugawa sukan haɗe wuri ɗaya. Baƙuwar manhaja iri biyu ce. Ta farko, irin su CHDK da Magic Lantern, tana zaune ne a kan kati, ana loda ta a ƙwaƙwalwar wucin gadi duk lokacin da aka kunna kyamara, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da manhajar kamfani ba tare da ta goge ta ba. Ta biyu kuwa ana ɗaukar manhajar kamfanin ne a sauya wasu sassanta a kwamfuta, sannan a rubuta ta a kan ta asali. Ta farko kamar baƙo ce da ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure, idan ya tashi tafiya ya naɗe abarsa, ta biyu kuwa magini ce da ya rushe bango don ya ɗora wani, wanda idan ruwa ya same shi a tsakiyar aiki gidan ya zauna a buɗe. Abin da Magic Lantern take canzawa a jikin kyamara ɗan ƙarami ne, wata alama ce da ke gaya mata ta duba kati idan ta tashi ko akwai fayil mai suna autoexec.bin, ana kuma iya mayar da alamar yadda take ta hanyar da aka bi aka sa ta. Wanda ya danne maɓallin SET yayin kunnawa zai ga kyamararsa ta tashi ba tare da baƙuwar ba, haka ma wanda ya sa katin da babu ita a kai.

Wannan bai sa kasadar ta zama babu ba, ko da yake ta fi ƙanƙanta da yadda ake kururuta ta. Manhajar kamfani tana ajiye saitunan kyamara a ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa, don haka idan baƙuwar ta miƙa mata wani adadin da bai dace ba, ta kuma ajiye shi, kyamara tana iya ƙin tashi ko an cire katin, sai an nemi wanda ya san hanyar gyara. Saboda irin wannan ne Magic Lantern take kwafe manhajar asali ta ajiye a kan kati, kuma mai hankali yakan ɗauki wannan kwafi ya adana a kwamfuta tun ranar farko. Abin da ya fi faruwa yau da kullum ƙananan cikas ne: kyamara ta sandare sai an zare batir an mayar, ko ɗauka ta tsaya ba zato, ko a zare kati da gaggawa bayan buɗe murfinsa, kafin kyamara ta gama karanta shi, ta maƙale tana shan batir a cikin jaka har ya ƙare. Masu aikin da kansu suna faɗa a fili cewa ba su ba da tabbacin komai ba, wanda ya sa ya sa ne a kan wuyansa. Saboda haka ainihin abin da mai kyamara yake biya shi ne wani kaso na natsuwar da yake da ita cewa na'urarsa za ta yi abu ɗaya a kullum ba tare da ba shi mamaki ba, mutuwar kyamara gaba ɗaya kuwa abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Ribar da ta fi tabbata tana cikin ƙananan kayan awo da ba a cika yi musu talla ba. Akwai zanen jakin dawa, wato layukan da ke bayyana a allo a kan duk wurin da haske ya yi yawa har ya ƙone, inda babu sauran bayanin da za a ceto wajen tacewa. Wanda ya taɓa ɗaukar mutum mai duhun fata sanye da farar shadda a ƙarƙashin ranar azahar ya san girman wannan matsala, domin idan ya buɗe haske don fuska ta fito sai aikin wuyan riga ya ɓace ya zama fari fat, idan ya rage don ya ceci rigar sai fuska ta nutse, ɗan allon bayan kyamara kuma ba ya nuna gaskiya a cikin rana. Layukan nan suna gaya masa daidai inda ƙuna ta fara, sai ya ja da baya kaɗan ya tsaya. Akwai kuma ɗige-ɗige masu launi da ke bin gefen duk abin da fokas ya zauna a kansa, waɗanda suke mayar da tsofaffin lens na hannu, masu araha da kyau, abin aiki na gaske. Akwai agogon da ke sa kyamara ta ɗauki hoto duk bayan daƙiƙun da aka ƙayyade mata, da ma'aunin sauti, da sake kunna ɗauka da kanta idan ta tsaya, ko da yake ana rasa daƙiƙa ɗaya ko biyu a tsakani, da nuna adadin hotunan da kyamara ta ɗauka tun da aka ƙera ta. Wannan na ƙarshe yana da daraja ga mai sayen ta hannu, domin Canon ta ƙiyasta wa ƙyauren 5D Mark II da Mark III bugu 150,000, kuma jiki mai sheƙi ba ya nuna nawa aka ci daga ciki. Duk waɗannan ba sa takura wa na'ura, ba sa cika kati, ba sa ƙara aiki bayan an dawo gida, kuma don su kaɗai saka Magic Lantern a tsohuwar Canon abu ne da ya cancanta.

Abin da ya yi wa aikin suna a duniya, wato ɗanyen bidiyo, shi ne kuma wanda ya fi buƙatar a yi lissafi da idon basira. A al'ada kyamara tana karɓar bayanin sensa ta sarrafa shi, ta yanke hukunci a kan launi da haske, ta matse shi da tsarin H.264, ta zubar da mafi yawansa, ta bar kowane launi da matakai 256 tsakanin duhu da haske, abin da ake kira bit 8. A watan Mayu na 2013 masu Magic Lantern suka samu hanyar tare bayanin tun kafin a taɓa shi, suna rubuta shi kai tsaye a kati da bit 14, wato matakai 16,384. Bambancin a ido ba ƙarami ba ne: sararin sama yana sauka daga shuɗi zuwa fari sumul ba tare da layi-layi ba, ana iya ɗago inuwa a ga abin da ke cikinta, launin da fitilar ɗaki ta ɓata ana gyara shi bayan ɗauka, 5D Mark III kuma, wadda aka sha kuka da laushin bidiyonta, ta koma tana ba da hoton da ake jerawa da na kyamarorin sinima. A shekarar ne kuma suka fito da dabarar karanta layukan sensa da ISO biyu mabambanta, wato matakan jin haske biyu, wasu don haske wasu don duhu, a haɗe su daga baya, wadda take faɗaɗa abin da kyamara ke iya riƙewa tsakanin rana da inuwa, amma tana rage kaifin hoto a wuraren da suka fi haske da waɗanda suka fi duhu.

Nauyin wannan ni'ima ana iya auna shi da alƙalami. Hoto ɗaya mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo miliyan biyu da ɗoriya, idan kowanne ya ci bit 14 hoton ya kai megabait 3.6, idan aka ɗauki 24 a daƙiƙa ana buƙatar katin da zai haɗiye kusan megabait 87 a kowace daƙiƙa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Minti ɗaya ya haura gigabait 5, kati mai gigabait 64 yana cika a minti 12, alhali a bidiyon da kamfani ya tsara wa 5D Mark II minti 12 ɗin nan gigabait 4 suke ci. Awa ɗaya ta ɗanyen bidiyo ta wuce gigabait 300, kuma fayil ɗin da ya fito, mai tsarin MLV, ba ya shiga manhajar tace fim kai tsaye sai an juya shi tukuna, aikin da ke cin lokaci da wutar lantarki da wurin ajiya. A kan wasu kyamarori, kamar EOS M da 650D da 700D, ɗanyen hoton yana fitowa da ɗige-ɗige jere a kansa, waɗanda ɗigogin fokas ne da manhajar kamfani take ɓoyewa, sai an sa manhajar juyawa ta share su. Matsewa maras asara da aka ƙara a 2017 ta rage nauyin sosai, amma ba ta canza yanayin aikin ba. Ga mai gajeren fim, ko tallar daƙiƙa talatin, ko bidiyon waƙa, inda ake ɗauka guntu-guntu ana maimaitawa, wannan nauyi abin ɗauka ne kuma sakamakonsa yana bayyana a allo. Ga mai shiri mai dogon zango da ke fitar da kashi duk mako, wanda a ƙarshe YouTube zai sake matsewa a kalla a waya, yawancin abin da aka sha wahala aka tara ba zai isa idon mai kallo ba.

Iri na biyu, mai rushe bango, ya yi zamaninsa ne a kan kyamarorin Panasonic. A 2010 wani Barashe mai suna Vitaliy Kiselev ya fitar da PTool, manhajar da ke sauya ta cikin Lumix GH1, daga baya kuma GH2. Kamfani ya tsayar da bidiyon GH2 a megabit 24 a daƙiƙa, masu sauyawa suka ɗaga shi ya haura 100, suka cire iyakar minti 30 daga waɗanda aka sayar a Turai, hoton ganye da ruwa da hayaƙi, waɗanda matsewa ta fi ɓatawa, ya fito da tsabta. Da irin wannan GH2 ne Shane Carruth ya ɗauki fim ɗinsa Upstream Color, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Sundance a 2013. Sai dai a nan kuskure yana da tsada, domin idan batir ya mutu ana tsakiyar rubutawa babu katin da za a zare a huta, kuma saitunan da suka fi ƙarfi sukan sa ɗauka ta yanke ko kyamara ta kasa nuna abin da ta ɗauka. Panasonic ta amsa da GH3 a 2012, wadda ta zo da megabit 72 daga masana'anta. An yi makamantan wannan a kan wasu kyamarorin Nikon da Samsung, a kan wasu na Sony kuma akwai OpenMemories Tweak, wadda take cire iyakar lokaci, take kuma buɗe sauran harsuna a kyamarar da aka yi don kasuwar Japan, abin da ke da amfani ga wanda ya sayi ta hannu ya tarar da ita ba ta jin komai sai Japananci.

Batun garanti, wanda aka fi tsorata mutane da shi, ya rasa yawancin nauyinsa. Gaskiya ne kamfani ba zai ɗauki alhakin ɓarnar da baƙuwar manhaja ta jawo ba, amma garantin kyamara shekara ɗaya ne ko biyu, kyamarorin da waɗannan manhajoji suka fi ƙwarewa a kansu kuma sun haura shekara goma da fitowa. Ta fuskar doka, masu Magic Lantern sun yi taka-tsantsan: suna raba abin da suka rubuta da hannunsu a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karantawa da gyarawa, ba sa raba manhajar Canon, sun kuma nisanci jerin 1D da kyamarorin Cinema EOS, inda kamfanin yake da babban ciniki. Dalilin nisantar a bayyane yake idan aka tuna cewa 1D C ta 2012, mai ɗaukar 4K, kusan jiki ɗaya take da 1D X, amma kuɗinta ya kusa ninka nata.

A kasuwannin Afirka ta Yamma, inda kyamarori da yawa suke shigowa a matsayin na hannu daga Turai da Amurka da Asiya, ba takarda ba garanti, lissafin yana ɗan sauya fuska ta ɓangarori biyu. A gefe ɗaya, tsohuwar kyamarar da ta sauka a farashi ita ce wadda baƙuwar manhaja ta fi ƙara wa daraja, kuma ɗalibin fim da ba shi da kuɗin sabuwa zai koyi auna haske da gyaran launi a kanta fiye da yadda zai koya a waya. A ɗaya gefen, sharuɗɗan da wannan manhaja take so sun fi wahalar cikawa. Katin jabu, mai ɗauke da sunan babban kamfani da alƙawarin saurin da ba shi da shi, yana iya wucewa a ɗaukar hoto ba a gane ba, amma ɗanyen bidiyo zai tona asirinsa cikin daƙiƙu kaɗan. Batir na kwaikwayo yana iya nuna rabi ya mutu nan take. Canon ta rubuta cewa kyamarorinta irin su 5D da 600D an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kuwa yana haura wannan a inuwa, ga shi kuma mai gyaran da ya san cikin manhajar kyamara ba a kowane gari ake samunsa ba. Wanda kyamara ɗaya ce jarinsa, da ita yake ci da ita yake sha, kuma aikinsa ɗaurin aure ne da suna da hawan salla, abubuwan da ba a cewa a sake, ya fi dacewa ya riƙe katuna biyu, ɗaya mai baƙuwar manhaja don aikin da ke da sarari, ɗaya fes don ranar da ba ta karɓar uzuri, kuma kada ya fara gwada sabon saiti a gaban amarya.

Ga mai sabuwar kyamara kuwa tambayar ta kusa faɗuwa da kanta, domin abubuwan da aka yi ta fafutuka a kansu sun shigo kasuwa ta ƙofar gaba. A 2013 Blackmagic ta fitar da ƙaramar kyamarar sinima a kan dala 995, Panasonic GH5 ta 2017 ta zo da bit 10 da ɗauka ba iyakar lokaci, Canon EOS R5 ta 2020 tana rubuta ɗanyen bidiyo na 8K a cikinta, zanen jakin dawa da alamar fokas kuma sun zama ruwan dare a kyamarori marasa madubi. A lokaci guda kamfanoni sun ƙara ɗaure manhajojinsu da sirrin lissafi, sababbin ƙwaƙwalen na'ura kuma suna buƙatar a fara binciken daga tushe, aikin da ke cin shekaru a hannun mutane ƙalilan da suke yin sa bayan sun tashi daga neman abincinsu. Magic Lantern kanta ta yi sanyi na wasu shekaru bayan babban jagoranta ya ja baya wajen 2020, sai a tsakiyar 2025 wata sabuwar tawaga ta sanar da farfaɗo da ita, tare da ƙara kyamarori irin su 200D da 750D da 6D Mark II da 7D Mark II, ko da yake abin da ke aiki a kansu a lokacin bai kai na tsofaffin ba.

Wannan rashin daidaito tsakanin kyamara da kyamara ya sa sunan manhajar kaɗai bai isa a dogara da shi wajen saye ba. Kowace siga an rubuta ta ne don samfuri ɗaya da lambar manhajar ciki ɗaya: ta 5D Mark II tana son 2.1.2, ta 600D tana son 1.0.2, ta 5D Mark III kuma 1.1.3 ko 1.2.3, idan lambar ta saɓa ba za ta hau ba. Kyamarar da mai ita na farko ya sabunta zuwa wata lamba ta gaba sai an mayar da ita baya kafin a fara, wasu sabuntawar kuma an yi su ta yadda komawa bayan yake da wuya. Lambar tana nan a shafin ƙarshe na saitunan kyamara, ana iya duba ta a gaban mai shago kafin a ƙirga kuɗi, tare da gwada katin da za a yi aiki da shi a kan ita kyamarar da za a saya.